Hatimina a Takardar Tsire

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai wa surukina tsire a Tsiga ba. Har yau in na ji ƙamshin yajin ƙuli sai bayan wuyana ya ɗau zafi. Amma kafin mu kai ga tsiren sai na fara da littafi, domin daga littafi abin ya taso.

Ina koyarwa a wata jami'a da ke nan yankinmu, ba nisa da Funtua inda nake zaune. A shekarar da abin ya faru aka ƙirƙiro wa 'yan aji ɗaya sabon kwas na share fagen nazarin fim. Ana so a koya wa yaro kallon fim da hankali: me ya sa aka kafa kyamara a nan ba a can ba, yaya ake sarrafa haske, yaya ake harhaɗa hotuna su zama labari, me sauti yake ƙarawa. Da aka zo rabon kwasa-kwasai a taron sashe, manyan malamai kowa ya duƙufa yana latsa waya. Ni ne ƙarami, kuma ni aka sani da surutun fim a ɗakin malamai, sai shugaban sashe ya nuna ni ya ce, "To, ga mai abin nan." (Na ɗauka karramawa ce. Daga baya na gane wahalar kowa yake gudu.) Aikin farko da aka ɗora mini shi ne in zaɓo littafin da ɗaliban za su yi aiki da shi.

Littattafai uku suka zo hannuna. Na farko siriri ne, wani malami ɗan ƙasar nan ya rubuta shi, takardarsa irin ta jarida, Turancinsa mai sauƙi, misalansa kuma daga finafinan da yaranmu suka saba gani a waya da gidajen kallo. Na biyu babu hoto ko ɗaya a ciki, bayani ne zalla, na buɗe shi da rana tsaka barci ya ɗauke ni a kan kujera. Na uku kuwa wani abokina da ke karatu a ƙasar waje ya aiko mini da shi. Ƙato ne, takardarsa na ƙyalli, hotuna masu launi ko'ina, in ka ɗauke shi da hannu ɗaya sai ka ji a kafaɗa. Na duba intanet na ga ana ta yaba shi, wai manyan jami'o'in duniya da shi suke koyarwa. Na karanta jerin babukansa, na karanta gabatarwa, na leƙa babin farko, na rufe. A raina magana ta ƙare.

Ofis ɗaya muke da Madam Rifkatu, 'yar Malumfashi, wadda ta fara koyarwa tun ina makarantar sakandare. Ta ɗaga ƙaton littafin ta juya shi, ta mayar kan tebur.

"Malam, su wa za ka koyar?" in ji ta.

"'Yan aji ɗaya mana, Madam."

"Na sani. Yaran Dayi da Bakori da Tsiga, waɗanda jiya-jiya suka bar sakandare. Wannan finafinan da ke ciki ko ɗaya ba su taɓa gani ba. Ka ɗauki siririn can, a shekara ta uku ka ba su wannan."

Na yi mata murmushin wanda ya san duniya. Na ce ai dole mu ɗaga yaranmu su kamo sauran ƙasashe, ba za mu riƙa ba su kunu kullum ba, lokaci ya yi da za su ci tuwo. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ka dai duba shi shafi-shafi ko?"

"Na duba," na ce mata. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba a lokacin, tunda dai idona ya sauka a wasu shafukan.

A nan sai in gaya muku wata ɗabi'a tawa. Mu malamai ba a satar mana littafi, ara ake yi, sai dai ba a dawowa da shi. Bayan na yi asarar littattafai da dama ta wannan hanya, na je aka yanka mini hatimi mai ɗauke da sunana da na mahaifina da sunan sashenmu. Kuma ba a shafin farko kaɗai nake bugawa ba, don na san mai aro yana iya yage wannan ya huta. Ciki nake bi, in ɗaga kusurwar shafi ta ƙasa, in buga, in wuce. Haka na yi wa ƙaton littafin nan wata Asabar ina sauraron ƙwallo a rediyo. Hannu na aiki, kunne na filin wasa, ido kuma bai ga komai ba sai kusurwar takarda.

Da yake kwafi ɗaya ne tak, na kai shi wani shagon fotokwafi kusa da tasha a Funtua, na ce a fitar mini da 'yan kwafi da za a ajiye a ɗakin karatu na sashe. Na bar shi na tafi harkokina. Da na dawo karɓa, mai shagon ya ba ni haƙuri, wai injin ya riƙa jan baƙin layi a wasu shafuka, sai da ya sake su. Waɗanda suka lalace ya zuba a kwali a bakin ƙofa. Yana miƙo mini kayan ya dube ni wani iri ya ce, "Malam, wannan littafi naku akwai kallo." Na ce masa ai ba ƙaramin littafi ba ne, daga waje ya zo. Ban tambayi inda kwalin zai je ba, alhali kowa a garin nan ya san inda takardun shagon fotokwafi suke ƙarewa. Masu ƙosai da masu gyaɗa da masu nama ne ke kwashewa su naɗe kaya.

To, a daidai wannan lokaci ne ƙanwar matata, Hafsatu, ta sami gurbin karatu a sashenmu. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, kuma ita ce mace ta farko a gidansu da ta kai ƙofar jami'a. Mahaifinsu bai hana karatun ba, sai da ya ji cewa a cikin abin da za a koya mata har da fim. A wurinsa fim rawa ce da waƙa da lalacewar yara, ya ce sai ya yi shawara. Shawara ta yi ta tsawo, lokacin rajista kuma yana ta ƙurewa. Hafsatu ta riƙa kiran yayarta tana kuka, yayarta kuma ta juyo kaina.

"Kai ne fa malamin," in ji Zulai matata. "Ka je ka yi wa Baba bayani. Ya kusa yarda, tabbaci kawai yake nema daga bakin wanda ya sani."

Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ƙaramin aiki ne.

Surukina manomi ne, auduga da masara, kuma yana da ɗan karatun zaure. Bokon da ya yi na yaƙi da jahilci ne, yana karanta Hausa a hankali, ba ya tsallake harafi. Mutum ne mai kawaici. Tunda na auri 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini, ni kuma ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Yana kuma da wata al'ada irin ta dattawan da: ba ya yar da takarda mai rubutu sai ya duba, kada a ce akwai sunan Allah a jiki a taka. Ko takardar da aka naɗe masa magani ce sai ya ware ta, ya shafe ta a gwiwa, ya duba gaba da baya. Na sha ganinsa yana yi, har dariya nake yi a ɓoye.

Ranar da zan tafi na ga bai dace in je hannu rabbana ba. Na tsaya wurin mai nama a bakin tasha, wanda tukubarsa ke maƙwabtaka da shagon fotokwafin nan, na ce ya zaɓo mini tsire mai kyau na kai wa babban mutum. Ya zare tsinke, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa, ya naɗe ƙunshi biyu ya zuba a baƙar leda. Ina can ina amsa waya. Na rataya ledar a babur na kama hanyar Tsiga ina maimaita jawabin da zan yi.

Na isa bayan la'asar. Na tarar da Baba a kan tabarma a ƙofar gida, shi da limamin unguwarsu, wanda amininsa ne tun ƙuruciya. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa na gaishe su, na ajiye ledar a gefen tabarma. Aka tambayi mutanen Funtua, aka tambayi yara, aka taɓa maganar farashin taki. Ta tsakanin ƙyauren zaure na hango gefen hijabin Hafsatu, ta laɓe tana saurare.

Daga nan na shiga magana, kuma wallahi na yi ƙoƙari. Na ce fim ɗin da muke koyarwa ba rawa ba ce, ilimi ne kamar kowane ilimi. Na ce wanda ya san yadda ake haɗa fim ba a yaudararsa da shi, shi ne ma zai tsare na baya. Na kawo misalin shirye-shiryen wayar da kai a kan noma da lafiya. Liman yana gyaɗa kai, Baba yana jan carbi, na ga alamar magana tana shiga. Da a nan na tsaya da an tashi lafiya. Amma an ce baki shi ke yanka wuya.

"Kuma Baba," na ce, "littafin da za su karanta ni na zaɓe shi da hannuna. Na tantance shi shafi-shafi. Duk shafin da na amince da shi sai da na buga hatimina a kai, don kada a ce wani abu ya shige ban sani ba."

(Har yau ban san inda na samo wannan ba. Hatimin maganin masu aro ne, amma a wannan lokacin ya zo mini a baki, na ji ya yi daɗin faɗa.)

"To, madalla," in ji Baba. "Tunda kai ne a kai, ai sai mu sa albarka."

Na ji wani sanyi a raina. Gefen hijabin da ke bayan ƙyaure ya motsa.

Ba ɗabi'ar Baba ba ce ya buɗe tsaraba a gaban wanda ya kawo, cikin gida yake aikawa da ita. Amma ranar yana da baƙo, ga ƙamshi ya cika wurin. Ya jawo ledar ya ce, "Liman, bisimilla, kada ya huce." Ya ware ƙunshi ɗaya, ya juye naman a kan takardar ciki, ya tura gaban Liman. Ta wajen kuma ya ɗauke ta, ya ɗora a gwiwa, ya shafe ta da tafin hannu yadda ya saba.

Daga inda nake durƙushe na hango baƙin layin nan na injin fotokwafi ya ratsa gefen takardar, na gane daga inda ta fito tun ban ga sauran ba. Hoto ne ya cinye fiye da rabin shafin. Bature da Baturiya ne a wani ɗaki, baki cikin baki, ita kuma abin da ke jikinta bai isa a ƙulle gishiri ba. Man tsire bai ɓata komai ba, yaji ya ɗan zuba a gashin Baturen kawai. A ƙasan hoton, a kusurwa, ga hatimina zaune daram, ya fito fes kamar ni na ɗauki hoton na sa hannu.

Baba ya daɗe yana duba. Ya nisanta takardar da idonsa, ya sake matso da ita. Liman ya leƙo da tsoka a hannu, ya yi a'uziyya a hankali, ya mayar da tsokar inda ya ɗauko ta. Sai Baba ya ɗora yatsa a kan hatimin ya fara karantawa, harafi bayan harafi. Ya kira sunana. Ya kira sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ya kira sunan sashenmu. Shekaru ina auren 'yarsa, ranar ce farkon jin sunana a bakinsa.

"Malam," ya ce, "wannan yana cikin waɗanda ka amince da su ke nan?"

Gumi ya tsattsafo mini har cikin hula. Na leƙa rubutun saman shafin na ga babin haske da inuwa ne, babin da ban taɓa kaiwa gare shi ba. Da dabara ta ƙare mini sai na ce, "Baba, yadda ake saita fitila ake nunawa a nan."

"Fitila," in ji shi.

"E, Baba."

"Yara mata da maza za su zauna aji guda, a buɗe masu wannan, kowa ya duba fitila."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni gaskiya. Ka karanta littafin nan?"

"Ban karanta duka ba, Baba."

"Mi ka karanta?"

"Farkonsa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce Hafsatu za ta zauna gida tukuna, shi ba zai miƙa 'yarsa ga abin da mai koyarwar ma bai san cikinsa ba. Daga bayan ƙyaure na ji takun gudu zuwa cikin gida, da ƙarar kwano da aka yi tuntuɓe da shi. Wannan ya fi hoton ƙona mini rai. Yarinya ta kai bakin ƙofa, izini ya riga ya fito, ni da na zo taimako na mayar da ita ciki da bakina da tsirena.

Yadda na tuƙo babur na dawo Funtua ban sani ba. Kafin in iso labari ya riga ni. Zulai ba ta yi faɗa ba, ta ajiye mini abinci ta ce, "Da ka kai masa lemo."

Na zauna na karanta littafin nan daga bango zuwa bango, abin da ya kamata in yi tun farko. Ba hoton nan kaɗai ba ne, akwai 'yan'uwansa, wasu ma sun girme shi, kuma kusan kowanne da hatimina a ƙasa. Littafin ba na banza ba ne, masu shi sun san aikinsu. Amma ko an cire hotunan bai dace da yaranmu ba. Turancinsa ni kaina sai da ƙamus a wasu wurare, kuma yana magana a kan finafinai kamar kowa ya gan su tun yana goye. Na kwashe kwafin da na ajiye a ɗakin karatu tun kafin ɗalibai su dawo daga hutu, na kulle a durowa.

Na sami Madam Rifkatu na ba ta labari, don na san in ban faɗa ba za ta ji a wani wuri. Ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye, sannan ta jawo siririn littafin daga kanta ta miƙo mini.

"Ga kununka," ta ce. "Wannan karon ka sha kafin ka ba yara."

Na karanta shi tas, har da shafin godiya. Ya yi bayanin kyamara da haske da sauti da tsarin labari daidai yadda ɗan aji ɗaya zai gane, da misalan da in ka ambata rabin aji za su ce sun gani. Hotunansa 'yan kaɗan ne, baƙi da fari, kowa da tufafinsa.

Komawa Tsiga ita ce tafiya mafi nauyi da na taɓa yi, amma rajista ta kusa rufewa, babu lokacin jin kunya. Na tarar da su a inda na bar su, Baba da Liman. Ban kai tsaraba ba. Na durƙusa na ce na yi kuskure, na faɗi abin da ban yi ba, ga littafin da za a koyar yanzu, kuma wannan na karanta shi.

"Buɗe," in ji Baba.

Na ɗauka shafin farko yake nufi. Ashe duka yake nufi. Na riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, ina fassara masa kan kowane babi, shi da Liman suna duba kowane hoto. Inda ya ga hoton mutum riƙe da doguwar sanda a kan 'yan wasa ya tambaya, na ce ta ɗaukar murya ce. Inda bai gane ba ya ce in maimaita. Ƙafafuna suka mutu, ban isa in miƙe su a gabansa ba. Masu wucewa suna gaisuwa suna mamakin karatun da malamin jami'a yake biyawa a ƙofar gida. Sai da rana ta yi ja muka kai bangon baya.

Baba ya ɗaga murya ya kira Hafsatu. Ta fito ta durƙusa daga nesa, ba ta ko kalli inda nake ba.

"Ki shirya, gobe ki bi yayanki ki yi rajista. Allah ya sa albarka."

Ta rufe fuska da hijabi, ta yi godiya da muryar da ba ta fita sosai, ta koma ciki. Na yunƙura zan yi sallama sai Baba ya ce in dakata. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro takardar nan, a ninke yadda ya ninke ta, mai ya bi ta ya bushe.

"Karɓi kayanka, Malam," ya ce. "Na rasa yadda zan yi da ita. Ba ta ajiyuwa a gida, kuma ba na yar da ita da sunan mahaifinka a jiki."

Na karɓa da hannu biyu.

Hafsatu ta yi rajista a ƙurarren lokaci, yanzu ta yi nisa a karatunta, kuma ta fi kowa maki a kwas ɗina (ba son kai, Madam Rifkatu ce ta duba takardarta). Ta yafe mini, sai dai duk ranar da ta zo gidanmu ta ga na shigo da leda sai ta ce, "Yaya, an tantance?" Siririn littafin har yau da shi nake koyarwa. Hatimin yana nan a durowa, tawadarsa ta bushe, masu aro kuma sun ci gaba da sana'arsu, na bar su da Allah.

Abin da na koya bai da yawa. Kada ka sa sunanka a inda idonka bai sauka ba, balle ka haɗa da na mahaifinka. In kuma za ka kai wa suruki tsire a garin nan, ka tafi da kwanonka daga gida.